Ranar da Purdum Ya Canja Tiyon Birki

Shekara arba'in da ɗaya Purdum Khan ya yi yana hawa da sauka a hanyar kwarinmu, daga ƙauyenmu na can sama inda ake noman dankali har kasuwar garin Chitral, kuma ko akuya bai taɓa jefawa kogi ba. Wanda bai san hanyar ba zai ce to sai me. Dutse ne a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, kogi yana can ƙasa yana ta haukansa, faɗinta kuwa in jaki ya tsaya a karkace ya gama tare ta. Duk mai furfura a garin zai lissafa maka direbobin da suka tafi da mota da fasinja gaba ɗaya, har da sunan kwanar da kowanne ya faɗa. Purdum ba ya cikin lissafin. Shi ya sa matan garin ke cewa in dai ba motarsa ba ce, gara su taka da ƙafa.

Motar a-kori-kura ce, fara, ko dai a ce ta taɓa yin fari. Ya saye ta hannu na uku bayan ya gaji da tuƙa ta mutane, kuma tun daga ranar babu bakaniken da ya sa mata sifana. Shi ke gyaran abarsa a rumfar da ke jikin ɗakin shanu, inda a da ake tara ciyawar lokacin ƙanƙara. Da hannunsa ya haƙa ramin da ake shiga ƙarƙashinta, ya jera masa duwatsu. Ta ɗauki dankali, ta ɗauki itace, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko gawa ta dawo da ita gida. 'Ya'yansa maza biyu a kanta aka ciyar da su har suka yi gemu suka tafi birnin Karachi. Daga can suke bugo waya ran Juma'a su ce, Baba ka huta haka nan mana. Ba wanda ya taɓa cewa bari in zo in karɓe ka.

Ran Talata abin ya faru. Ya ɗauro buhun dankali ashirin da mutum huɗu a kai, yana gangarowa kwanar da ke ƙasan injin niƙa, ya taka birki. Motar ba ta ma san yana yi ba. Ya sake takawa, ta ci gaba da tafiyarta. Allah ya sa hannunsa bai tsufa ba: ya cusa giya ta ɗaya, ya finciki birkin hannu, ya kwantar da sitiyari ya goga gefen motar da dutse har ta tsaya, fitila ɗaya ta tarwatse. Na saman suna ta salati, wani tsoho ya rungume buhu ya ƙi saki. Purdum ya sauko, ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito da hannu baƙi ƙirin da mai, ya nuna musu ya ce, "Tiyon birki ne ya fashe." Kowa ya yarda. To wace tsohuwar mota ce za ka shafa cikinta ka fito da hannu fari? Aka juye dankalin a wata motar, shi kuma ya lallaɓo da tasa gida a giya ta ɗaya da birkin hannu.

Abin da bai gaya musu ba shi ne zancen ƙafarsa. Tun lokacin ƙanƙarar bara ƙafarsa ta dama ta yi barci ba ta farka ba. Da fari yatsu ne, sai tafin, yanzu har idon sawu ji yake kamar ya sa safa uku. Likita a Chitral ya ce suga ne, ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi cin abubuwan da dama ba shi da su. Wata rana da rani ya wuni da ƙusa a cikin takalmi bai sani ba, sai da matarsa Gulsambar ta ga jini a safa wajen wanki. Don haka tun ran Talata tambaya ɗaya ke cinsa: birkin ne ya ƙi, ko kuwa ƙafar ce ba ta taka ba? Minti ɗaya ya ishe shi ya shiga motar ya gwada ya sani. Ya ƙi. Maimakon haka ya aika aka sayo masa sabbin tiyo uku daga kasuwa, don ya yi alkawarin ran Litinin zai kai 'yan mata goma sha ɗaya na makarantar garin rubuta jarrabawa a Chitral, kuma iyayensu sun ce ba su yarda da kowa ba sai shi.

Ran Asabar da hantsi ya shiga ramin. Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yau sai da ya kai shi kusan azahar. Tiyo uku ne, biyu a gaba kusa da tayoyi, ɗaya a baya, baƙaƙen roba masu tsawon kamu guda, su ke kai man birki daga bututun ƙarfe zuwa taya. Notin kowanne ya ci laka da tsatsa. Ya jiƙa su da kananzir, ya jira, ya sa sifana ya ja. Ta zame, ya daki ƙarfe da bayan hannu, fata ta ɗaye. Ko tsaki bai yi ba, gajiyar da ke jikinsa ta wuce ta tsaki. Baya na ciwo, wuya ya ƙage saboda kallon sama, man birki na ɗiga yana bin hannun rigarsa har gwiwar hannu, ga ido sai ya matse shi kafin ya gane wace sifana ce a hannunsa. Sau biyu yana zama a kan dutsen ramin ya jingina kai da bango, ba don komai ba sai don ya huta da tsayuwa.

Purdum yana da wata al'ada, ita ce ma ta sa mutane suka sakankance da shi. Duk abin da ya cire daga motar saboda ya lalace, sai ya rataye shi a ƙusar ƙofar gida har kwana bakwai. Kowa ya zo wucewa ya gani, ya taɓa, ya san an gano cutar an cire ta. In motar ta yi tsiya a hanya, ba mai sake hawanta sai ya ga abin da ke rataye a ƙusar. Shi ya koya musu haka da kansa, yana fariya da shi a majalisa, yana zagin direbobin da ke ɗaure abu da waya su ce Allah ya kiyaye. Yau kwana huɗu ƙusar ba komai a jikinta.

Ya fito ya zauna a bakin ramin da tsofaffin tiyon a cinya. Ya wanke su, ya lanƙwasa, ya murɗa, ya toshe baki ɗaya da yatsa ya hura ta ɗayan. Lafiya lau. Ko tsaga irin ta gashi babu. Dama shekara uku ke nan kacal da sa su, kuma ya sani.

"Salamu alaikum. Kawu, ana fama?"

Malam Inayat ne, hedimastan makarantar, da 'yar jakarsa a hammata. Purdum ya yi maza ya tura tiyon cikin kwanon kananzir.

"Wa alaikumus salam. Ana fama, Malam. Ka zo duba aikin gida ne? Ban gama ba, don Allah kar ka dake ni."

"Ni na isa? Na biyo ta ƙofa ne na ga ƙusa wayam. Uwar Shabnam tun jiya sau biyu tana aiko min, wai ita sai ta ga abin da ya fashe da idonta kafin 'yarta ta hau."

"Uwar Shabnam! Ita da saura kaɗan a haife ta a bayan motar nan. Ka ce ta kwantar da hankalinta, yana cikin kananzir. In ya bushe za ta kalla har ta ƙoshi."

"Ai na faɗa mata. Na ce motar Kawu ta fi gadon wasu aminci." Malam Inayat ya yi dariya, ya leƙa ramin kamar ya san abin da yake kallo. "Amma dai Litinin ɗin tana nan ko? Ƙarfe tara suke shiga aji, wadda ta makara sai baɗi."

"Tana nan, in Allah ya so."

"Shekara biyu yaran nan suna karatu saboda wannan ranar. Ni ko barci ba na iyawa, wallahi."

"To je ka gwada, ka bar ni da nawa."

Da ya tafi, Purdum ya tsamo tiyo ɗaya ya goge shi a gefen riga. Ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka tuffa. Ba wani abin wahala ba ne: 'yar tsaga kusa da bakin ƙarfen, a murza mata laka, a rataye. Ko bakanike sai ya yi da gaske kafin ya gane. Ya ɗora bakin wuƙar a kan robar. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro, amma bai ɗauke wuƙar ba.

"Me tiyon ya yi maka za ka yanka shi?"

Gulsambar ce tsaye da faranti, shayi mai gishiri da gurasa. Bai ji shigowarta ba.

"Dubawa nake."

"Da wuƙa?"

"Yau kuma bakanike kika zama? Ajiye shayin, in na zo wajen fitar da iskar birki zan kira ki."

"Ka wanke hannun nan tukuna. Ba ni da wani mijin a ajiye in man nan ya kashe ka."

Ta ajiye ta fita. Ya mayar da wuƙar aljihu, ya jefa tiyon cikin kwano. Bai yanka ba, bai kuma fasa ba, ya dai ɗaga zancen zuwa anjima.

Bayan azahar ya ɗaura sababbin. Wannan ya fi sauƙi, sabon noti ba ya gardama. Ya cika kofin man birki, sannan ya ƙwala mata kira, don an zo wajen da mutum ɗaya ba ya iyawa komai gwanintarsa. In an kwance tiyo iska takan shiga bututu, kuma muddin tana ciki birki ba zai kama ba. Sai mutum biyu: ɗaya a sama yana taka feda, ɗaya a rami yana buɗe ɗan notin da ke bayan kowace taya, iskar ta fita tare da mai, ya rufe.

Shekara talatin da huɗu Gulsambar ke zama a sama. Ba ta taɓa tuƙa mota ba, ko kunna ta ba ta iya ba, kuma da a ce wata a garin ta gan ta a kujerar direba da an samu abin faɗa har ƙanƙara ta narke. Shi ya sa ake rufe ƙyauren rumfar. Yaran sun ɗan karɓe ta da suka tasa, suka tafi, ta dawo. Ta shigo da matashin da take sa wa a baya don ƙafarta ta kai, ta cire takalmi, ta hau, ta kama sitiyari da hannu biyu. Ba ta san sunan komai a motar ba, amma tafin ƙafarta ya san fedar nan fiye da yadda ya san dandamalin ɗakinta.

"Taka," in ji shi daga ƙasa. "Taka. Taka. Riƙe."

"Na riƙe."

Ya buɗe notin, mai ya feso da kumfa cikin kwalba.

"Ta sauka," in ji ta.

Ya rufe. "Saki."

Haka suka yi ta yi, tayar baya ta nesa, ta kusa, sannan ɗaya daga cikin na gaba. Ba sa wata hira. A da a nan suke faɗan da ba a yi a gaban yara, a nan suka yanke shawarar sayar da saniya, a nan ta taɓa gaya masa tana da ciki, shi yana rami bai ga fuskarta ba. Yau muryarsa kawai ke tasowa, a gajiye, tata na sauka. Yakan fito ya ƙara mai a kofin, ya koma, kowace fita ta fi ta baya nauyi.

"Yaya kike jin ta?"

"Da fari kamar ƙullu. Yanzu ta fara tauri." Ta sake danna ta. "Ta kusa komawa yadda take ran Laraba."

Sifanar ta tsaya a hannunsa. "Wace Laraba?"

"Da ka tafi masallaci da safe na shigo na taka. Tauri kamar dutse. Na riƙe har na gaji, ba ta sauka ba ko kaɗan."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"To birki ba ya nuna halinsa a tsaye. Sai da kaya, sai a gangare, sai ya yi zafi. Ke me kika sani? Daga taka feda sai ki zama likitan mota?"

"Ban san komai ba, Malam."

"To taka."

Ba ta taka ba. Ya ji ƙarar ƙofa, ya ga ƙafafunta sun sauko ƙasa, suna laluben takalmi.

"Gwiwata ta gaji," ta ce. "Taya ɗaya ta rage. Fito ka hau ka taka, ni in riƙe sifanar."

"Ke? A rami?"

"Shekara talatin da huɗu ina jin ka. Buɗe kaɗan, rufe kafin a saki. Ko akwai wani karatun da ka ɓoye min?"

"Za ki ɓata kayanki."

"Ni ke wanki."

Ya so ya yi mata tsawa. Ya nemi tsawar a ƙirjinsa bai same ta ba, ta ƙare tare da sauran ƙarfinsa. Kuma ya san gwiwarta lafiya lau take, matar da ke hawa tudu da dami a ka. Ya san ta san ya sani. Ya fito daga ramin da rarrafe, ya miƙa mata sifanar ba tare da ya dube ta ba. Ta tattare mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta sauka a hankali tana dafa duwatsu.

Rabonsa da kujerar tun ran Talata. Ya ture matashinta gefe, ya zauna, ya kama sitiyari. Tsoro ya kama shi, tsoro sosai, fiye da wanda ya ji a kwanar injin niƙa. Ya kafa ido a ƙyauren rumfar da ke gabansa, kamar yadda direba ke kallon hanya, don wanda ya iya tuƙi ba ya kallon ƙafarsa.

"Taka," in ji ta. "Taka. Taka. Riƙe."

Ya taka. Ya ji tauri ya taso masa har cinya, tauri mai kyau, wanda ba ya motsi. Wani sanyi ya sauka a ransa.

"Na riƙe," ya ce da ƙarfi. "Kin ji? Kamar dutse!"

Ya ji ta buɗe notin. Ya jira feda ta sauka. Ba ta sauka ba.

"Ba abin da ya fito," in ji ta.

"Ba ki buɗe sosai ba. Ƙara juyawa."

"Na ƙara. Ɗigo ne kawai. Ka taka mana."

"Na taka! Tun ɗazu nake takawa, matar nan, kina so in fasa motar ne?"

Sai ya ji tana fitowa daga ramin, tana nishi. Ta zagayo ta tsaya a ƙofar direba da ke buɗe, mai a goshinta, sifana a hannu. Ba fuskarsa ta kalla ba, ƙasa ta kalla. Ya bi idonta.

Ƙafarsa tana gefen fedar, a kan ƙarfen ƙasan motar. Yana danna ta da iya ƙarfinsa har cinyarsa na rawa, fedar kuwa tana tsaye a wurinta, ba abin da ya taɓa ta.

Can waje saniya ta yi kuka, wata mata na kiran 'yarta daga kan rufi. Gulsambar ta ajiye sifanar a kan kujera, ta sunkuya, ta kama ƙafar da hannu biyu ta ɗaga, ta ɗora ta a kan fedar, ta gyara mata zama. Yana kallon hannuwanta a kan idon sawunsa, bai ji su ba.

"Mu ƙarasa," ta ce. "Ba a barin taya ɗaya da iska."

Ta koma ramin. Wannan karon bai kalli ƙyaure ba, ƙafar ya tsura wa ido. Taka, taka, riƙe. Feda ta sauka, ta ce ta rufe, ya saki. Sau biyar suka yi, har ta ce mai na fita tas ba kumfa. Ta ɗaure notin, ya sa ta ƙara ɗaurewa, ta ƙara. Birkin ya yi kyau, rabon da ya yi irin wannan kyan an daɗe.

Ta fito tana goge hannu da tsumma. La'asar ta yi, rana ta faɗa bayan dutse, rumfar ta fara sanyi. Shi dai yana zaune.

"Ki aika gidan Malam Inayat," ya ce. "A ce masa mota ta gyaru. Ya nemo direba yau, kar ya bari sai gobe. Mai hankali, ba cikin yaran nan masu gudu ba. Ya turo min shi in faɗa masa kwanonin da ake sauka da giya ta ɗaya."

"To."

"Ba aike ba. Ki je da kanki."

"To." Ta warware mayafin daga ƙugu ta yafa. A bakin ƙyaure ta tsaya. "In ya tambaye ni dalili fa?"

Purdum yana ta shafa sitiyarin da babban yatsa, daidai wurin da hannunsa ya cinye fentin.

"Ki faɗa masa abin da kika gani," ya ce. "Shi kuma ya faɗa wa uwar Shabnam. Kar ki ce tiyo ne."